Sawun Ƙafa a Ƙarƙashin Teburina

Ranar da aka nemi Centello aka rasa, ruwa ake tafkawa a Matapalma tun da hantsi. Centello ingarman Don Hermógenes Parales ne, baƙi wuluk mai farin goshi, kuma duk wasan kayar da bijimi ta wutsiya da za a yi a yankinmu shi ke ɗauke tuta. Kafin yamma labari ya game gari: an buɗe barga da tsakar rana, doki ya yi layar zana, mai kula da shi kuma ba ya wurin.

Mai kula da shi Euclides Tovar ne, wani dogon saurayi marar hayaniya da ya tsallako kogi daga Venezuela shi da matarsa Yulimar. Mutanenmu kuwa, Allah ya shirye su, ko kaza ce ta ɓata a garin nan, tukunyar baƙo ake fara leƙawa.

Ina tsaye a ƙofar ofishina na ga Don Hermógenes ya cakumi wuyan rigar yaron a tsakiyar fili, mutane sun yi musu zobe.

"Maigida, kai fa ka aiko min saƙo!" in ji Euclides. "Ka rubuto cewa saniya ta maƙale a laka a fadamar gabas, in tafi yanzu-yanzu. Na hau babur na je, ban ga komai ba."

"Ni? Na rubuta? Kai, ku ji min ɗan banza! Yaushe ka taɓa ganin na rubuta abu a waya? Dannawa nake yi in yi magana, kowa ya sani. Wayata kuma tana aljihuna tun safe!"

Euclides ya ɗaga tasa wayar yana nunawa. Babu saƙon, sai ɗan layin nan mai cewa an goge. A wayar Don Hermógenes kuwa ko alamarsa babu. Wasu suka fara kallon juna. Sai Don Nepo Cisneros ya matso, aminin Don Hermógenes tun suna yara, wanda ya riƙe masa ɗan fari a coci, shi ya sa ba sa kiran juna sai da kompadre.

"Kompadre, sassauta masa wuya, kada ka ja wa kanka," ya ce. "Amma ka san yaran yanzu. Babu abin da ba za su sa waya ta nuna ba."

Shi ke nan magana ta zauna. Sufeto Arquímedes, ɗan sandanmu ɗaya tilo, ya kulle Euclides a ɗakin bayan ofishinsa. Ya ce ranar Litinin mota za ta zo daga birni, za a soke takardar zamansa a mayar da shi tsallaken kogi. Yulimar kuwa cikinta ya tsufa, haihuwa yau ko gobe.

*

Ni ce Betulia, ni ke riƙe da ofishin ƙungiyar makiyaya, kuma ni ke da babbar kwamfutar tebur ɗaya da ke garin. Rabin aikina na tsofaffi ne. 'Ya'yansu sun saya musu wayoyi, idanu kuma sun gaji, ba sa ganin komai a wannan 'yar fuskar. Sai su zo su zauna a benci, in haɗa wayar da kwamfuta, duk abin da ke fuskar wayar ya fito ɓaro-ɓaro a babban allo: hoton jika, hoton bijimin da ake son saya, bidiyon wasa. Doka ɗaya gare ni, ba a shigo min da laka. Daɓena ja ne, da hannuna nake shafa masa man gogewa, kuma ko gwamna ne ya zo sai ya tuɓe takalmi a ƙofa.

Washegari da safe Yulimar ta zo, tana kuka amma sai da ta tsaya ta cire silifas.

"Doña Betulia, ki taimake ni. Mijina ko ƙwai bai taɓa ɗauka ba. Dokin nan ya fi kula da shi a kaina, ni har kishi nake yi. In aka kore shi, ina zan haihu? A kan gadar kogi?"

Raina ya ɓaci, ba kaɗan ba. Na zaunar da ita, na ba ta kofi da madara, na ce, "'Yata, share hawayenki. Muddin ina numfashi motar nan ba za ta tafi da shi ba." Na faɗa ne ban san ta inda zan fara ba. Na ɗauki lema na nufi gidan Kawu Anatolio.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, ɗan ƙaramin tsoho busasshe, kullum da baƙar taba a kumatu. Tun ina yarinya in saniya ta ɓata shi ake kira ya bi sawu. Na same shi a ragar kwanciya yana lilo.

"Ruwa ya wanke komai, Betulia," ya ce, ko tashi bai yi ba.

"To ka je ka gani da idonka cewa ya wanke. Ko tsufa ne ya kama ka, Kawu? Faɗa min in nemo wani."

"Wa za ki nemo? Duk garin nan akwai wanda zai bambance sawun jaki da na kakarsa?" Ya tofar da taba, ya jawo hularsa.

*

A bakin bargar babu abin gani. An kora shanu sun tattake wurin, laka ta zama kunu. Don Hermógenes na biye da mu yana faɗa shi kaɗai.

"Dokin da ko ni sai na lallaɓa yake barin in sa masa igiya! Wa zai bi ban da wanda ke ba shi abinci?"

Kawu ya bar bargar ya riƙa zagaye, yana faɗaɗa zagayen, har muka fita shinge muka kai wata ƙatuwar bishiyar mangwaro a bakin rafi, inda ganye ya tare ruwa. Nan ya durƙusa. Ya daɗe yana shafa ƙasa da yatsu, har ya kai hanci.

"Don Hermógenes, zo ka ga dokinka. Ga kofatonsa. Amma ba janye shi aka yi ba. Dokin da ke kan igiya layi ɗaya yake bi. Wannan dubi yadda yake, nan ya yi dama, nan ya yi hagu, nan ya yi tsalle. Rawar kai yake yi."

"Rawar kan me?"

"Ga ƙaramin kofato a gabansa, da mutum a kai. A nan ta tsaya ta yi fitsari, ka ga ya zuba a bayan sawun ƙafafun baya. Namiji a gaba yake zubarwa. Goɗiya ce, kuma mai neman namiji. Buɗe ƙofa kawai aka yi aka wuce da ita, shi ya kai kansa."

"Euclides ba shi da goɗiya," na ce. "Babur gare shi, shi ma sai an tura."

"Sai me? Ba shi da abokan sata?" in ji Don Hermógenes. Wallahi da ba don girmansa ba da na kwaɗa masa lemar nan.

Daga bishiyar sawun ya faɗa cikin ruwan da ya malale fili, iyakar ganin ido. Kawu ya tsaya yana kallon ruwan, ya ce a ƙasa dai an gama.

*

Wanda aka fara kawo mana sunansa Rosendo ne, mai cuku. Yana yawo a kan goɗiya, kuma wata mata ta ce ta gan shi a hanyar gonar ranar da abin ya faru. Muka same shi yana matse cuku a bayan gida.

"Ni? Satar Centello? Don Anatolio, dube ni da kyau. In na sace shi a ina zan ɓoye shi, cikin kwandon cuku?"

"Ina goɗiyar?"

Ya kai mu. Tana tsaye a rumfa, ciki ya yi mata tulu, da kyar take juyawa. Kawu ya ɗaga kofatonta ya duba, ya sauke.

"Wannan ta riga ta sami abin da take nema tun bara," ya ce. Rosendo ya ƙyalƙyale da dariya, ya cika mana hannu da cuku. Muka fito ba mu ƙaru da komai ba, Litinin kuma tana matsowa.

A hanya Kawu ya ce, "Na bar bin doki. Saƙon nan zan bi. Yaron ya ce an aiko, maigidan ya ce bai aika ba. In dukansu gaskiya suke faɗa fa?"

*

Shagon Doña Cleofe bango ɗaya ne ya raba shi da ofishina. A barandarta Don Hermógenes ke buga domino kullum da rana, kuma ita babu abin da ke wuce idonta.

"Su huɗun nan ne kamar kullum," ta ce tana juya wainar masara a kasko. "Shi, da Don Nepo, da Rosendo, da Sufeto."

"Wa ya tashi daga tebur?" in ji Kawu.

"Ka ce wa bai tashi ba! Sufeto ya fita amsa waya. Rosendo ya ce zai duba kayansa kada ruwa ya jiƙa. Don Nepo cikinsa ke murɗawa, ya zagaya baya, ya dawo, daga baya ma ya ce gida zai tafi ya kwanta. Ba a daɗe ba wasan ya watse. Don Hermógenes ne kaɗai ya manne a kujera, don shi ke cin wasan."

"Ya taɓa wayarsa?"

"Ko sau ɗaya. In yana ci ko gidansa ke cin wuta ba zai duba ba. Har na ce masa, Don Hermógenes, aljihunka na haske. Ka san farar rigar nan tasa, komai ana gani. Ya ce, Cleofe, kawo kofi ki bar aljihuna."

"Ta yi ƙara?"

"A'a. Haske kawai, ya ɗan jima, ya mutu."

Kawu ya juyo ya dube ni. "Betulia, ke ce malamar waya. Me ke sa waya ta farka a aljihu, ba kira, ba wanda ya taɓa ta?"

Nan take na tuna kwamfutata. Na ce ya biyo ni.

*

Na rufe ƙofar ofis na yi masa bayani. Haɗin nan iri biyu ne. Yawancin mutane da igiya nake haɗa musu, in sun tashi in zare, magana ta ƙare. Don Hermógenes kuwa kullum sai ya zo kallon bidiyon dokinsa, ya ce shi ya gaji da jona wannan cire wancan, in haɗa masa ta iska in bar shi a haɗe. Lambar sirri ma ya sa 'yarsa ta cire, wai mantawa yake yi. Saboda haka muddin wayarsa tana kusa, ko a barandar Cleofe ce, dannawa ɗaya za a yi fuskarta ta fito a allona.

"Fitowa kawai?" in ji Kawu.

"Ba fitowa kawai ba. Wanda ke zaune a kujerar nan, in ya kama linzamin kwamfuta, kamar wayar ce a hannunsa. Zai buɗe, zai rubuta, zai aika, zai goge. Ita kuma tana can aljihun mai ita tana haske."

"Wa ke zama a kujerar?"

"Ni kaɗai. Kowa a benci yake zama."

Ya ƙura min ido, yana tauna tabarsa.

"Kawu! Ni kake kallo? Ni da na je na ɗago ka daga raga? Me zan yi da doki, in ɗaure shi a kicin?"

"Ban ce komai ba. Ina kike da tsakar rana?"

"Gidan ƙanwata, cin abinci, kamar kullum. Je ka tambaye ta, har ƙashin kifi ya maƙale min."

"Kin kulle ƙofa?"

"Wa ke kulle ƙofa a Matapalma da rana?"

Ya ce in matsa. Ya janye kujerar, ya ciro ɗan kututturen da nake ɗora ƙafafuna a kai saboda kumburi, ya rarrafa ƙarƙashin teburin kamar ƙadangare. Daga can ya tambaye ni yaushe rabona da shafa mai. Na ce da safiyar ranar da dokin ya ɓata, kuma tun da rigimar nan ta tashi ban sami kai na sake ba.

"Rufe taga. Kunna fitilar wayarki, ki kwantar da ita a ƙasa, hasken ya zo ta gefe."

Na yi. Can kusa da bango, inda gajerun ƙafafuna ba sa kaiwa, akwai wani ɗan wuri da man ya dushe. Ni ban ga komai ba sai dushewar. Kawu ya karɓo wayar Cleofe, ya sa na ɗauki hoton wurin, ya ƙura wa 'yar fuskar ido har hawaye ya zo masa, ya yi tsaki.

"Idon nan ya ci amanata. Sa min a babban."

Na jona. Hoton ya cika allo, na ƙara buɗe shi. Sai ga ta, tafin ƙafar dama ta namiji, babu safa, kowane yatsa a fili.

Kawu ya yi 'yar dariya. "Kin ga tsoronki da ake ji? Mutum ya shigo aikata laifi, amma bai iya taka miki daɓe da laka ba. Ya tuɓe takalmi don kada ya bar sawu."

"Ta wane ne?"

"Ban sani ba. Na san tafiyar kowa a garin nan, amma ban taɓa bin mutane ina leƙa tafin ƙafarsu ba. Tara min su gobe bayan an fito coci. Har yaron."

*

Sufeto ya so ya yi gardama, na ce masa in bai kawo Euclides ba, ya nemi inda za a riƙa buga masa takardunsa. Ya kawo shi. Ranar Lahadi takalma suka yi layi a ƙofata. A benci ga Don Hermógenes, ga Don Nepo, ga Rosendo. Sufeto na tsaye riƙe da hannun Euclides, wanda ya rame ya yi zuru-zuru. Yulimar na kujerar gefe da wayar mijinta a cinya, Cleofe a bakin ƙofa, sauran gari kuma sun toshe tagogi.

"Don Hermógenes, ina wayarka?" in ji Kawu.

"Ga ta a aljihu. In wasa kuka tara mu ku faɗa min."

"Naɗe hannuwanka. Kada ka taɓa ta."

Na zauna na danna. Fuskar wayarsa ta fito a allo, da hoton Centello a bango. Aljihun farar rigarsa ya kama haske.

"Ga shi nan! Haka na gani!" in ji Cleofe.

Na buɗe wurin saƙo a gaban kowa, na nemo sunan Euclides, na rubuta cewa saniya ta maƙale a laka, na aika. Wayar da ke cinyar Yulimar ta yi ƙara. Ta ɗaga ta sama. Na goge saƙon daga ɓangarorin biyu, na share alamarsa a wayar maigidan. Don Hermógenes ya dubi aljihunsa kamar an saka masa kunama.

"To ai Betulia ce ke nan," in ji wani daga taga.

"Wanda ya faɗa ya shigo ya maimaita," na ce. Babu wanda ya shigo.

Kawu ya ce, "Betulia tana gidan ƙanwarta, na tambaya. Mutum uku suka tashi daga teburin domino a lokacin, ga su nan. Ɗayansu ya zagayo ta baya, ya tuɓe takalmi, ya zauna a kujerar nan. Sa mana hoton."

Tafin ƙafar ya cika allo. Kawu ya ɗauki sandarsa yana nunawa.

"Ku dubi babban yatsa, yadda ya ware daga 'yan'uwansa. Wannan tun yana yaro yake hawa ba takalmi, yana maƙale likkafa da yatsa. Sufeto, kai ɗan birni ne, ga ka nan da safa har a ranar zafi. Koma gefe. Sannan ku dubi dunduniya. Kun ga layin nan da ya ratsa ta, inda man bai taɓu ba? Tsohon tabo ne mai zurfi. Rosendo?"

Rosendo ya ɗaga ƙafarsa sama har ya kusa faɗowa daga benci. "Ku kalla, ku more! Kaushi ne kawai, shi ma gado na yi." Dunduniyarsa babu tabo. Wasu suka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don kowa ya ga Don Nepo ya tura ƙafafunsa ƙarƙashin benci.

"Don Nepo," in ji Kawu a hankali.

"Ba sai ya ɗaga ba."

Don Hermógenes ne ya yi maganar. Idonsa na kan allo, muryarsa ta sauka har da kyar ake ji.

"Na san tabon nan. Kifin nan mai dafi a wutsiya ne ya sare shi a mashaya, muna yara. Ni na goyo shi har gida, yana ihu yana cizon kafaɗata. Ni na riƙe ƙafar aka ɗinke." Ya juya. "Kompadre?"

Don Nepo ya daɗe yana murza hularsa. Da ya buɗe baki, faɗa ya fara.

"Sau nawa na roƙe ka? Sau nawa, kompadre? Uwar dokin nan daga garken mahaifina ta fito, ni na ba ka ita da hannuna. Na ce ka bar shi ya hau goɗiyata sau ɗaya, in sami ɗa daga jinin gidanmu. Ka ce a'a. Sannan ka zauna a teburin domino kana dariya, kana cewa ka kira likitan dabbobi ya zo ya fiɗiye shi don kada kowa ya sami irinsa. In zuba ido jinin ya ƙare?"

"Ina dokin?" in ji Sufeto.

"Yana tsibirin bayan gonata, lafiyarsa ƙalau. Da an kwana biyu zan sake shi ya dawo da kansa."

"Mijina fa?" Yulimar ta miƙe tana dafe da ƙugu. "Shi ma da kansa zai dawo daga tsallaken kogi? Kana tsaye aka kulle shi, Don Nepo. Kai ka ce yaran yanzu. Jiya ka wuce ni a hanya har ka ce Allah ya sauke ni lafiya!"

Ni kam tausayin Don Nepo da ya fara taso min saboda dokin gidansu, nan take ya koma.

Sufeto ya saki hannun Euclides, ya koma ya tsaya kusa da Don Nepo. Don Hermógenes ya tashi da kyar, ya yi gyaran murya, ya ce wa Euclides ba tare da ya dube shi ba, "To. Gobe ka dawo bakin aiki."

Euclides bai motsa ba. Tunda na san yaron nan ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ranar ma bai ɗaga ba.

"Maigida, a tsakiyar fili ka kira ni ɓarawo. Labarin ya kai gonaki, ya tsallaka kogi, har uwata ta ji. Mutanen da ke tagar nan ba su ne duka ba."

"Me kake so in yi?"

Euclides ya nuna allon, inda fuskar wayar maigidan ta dawo. "Zauren hirar ƙungiya yana cikin wayar nan, duk makiyayan yankin nan suna ji. Ka ce kai ba ka rubutu, magana kake yi. To ka yi."

Na ɗauke hannuna daga linzamin kwamfuta na ɗora a cinya, don wannan ba aikina ba ne. Don Hermógenes ya ciro wayar daga aljihu. Muna kallo a allo ya nemo zauren, babban yatsansa ya sauka a kan alamar magana, ya ɗaga, ya sake sauka.

"Ni ne Hermógenes Parales," ya ce. "Euclides Tovar bai ɗauki dokina ba. Na yi masa ƙazafi a gaban mutane, na sa an kulle shi, matarsa na da tsohon ciki. Ban kyauta ba, ina neman ya yafe min. Wanda ya ɗauki dokin..." Ya tsaya. Ɗan layin ɗaukar murya da ke allo ya ci gaba da tafiya, babu abin da yake ɗauka sai numfashinsa. Don Nepo ya sunkuyar da kai. "Wanda ya ɗauka na gida ne. Nawa ne."

Ya saki yatsa, saƙon ya tafi. A waje wayoyi suka fara ƙara ɗaya bayan ɗaya, a tagogi, a barandar Cleofe, har can cikin fili, muryar tsohon tana fita daga kowace.

Yulimar ta kama hannun mijinta ta danƙe, ta ce da ni, "Doña Betulia, a kira min ungozoma. Tun ana nuna ƙafar nan naƙuda ta fara, na ce ba inda zan je sai na ji maigidan ya faɗa da bakinsa."